Lemun Tsami: Ɗanye na Kasuwa, Ruwan Kwalba, Ko Ƙwayar Kemis?

Tambaya: Ina da yara huɗu, kuma da zarar hunturu ya kama, mura ba ta barin gidanmu. An ce mini lemun tsami ne maganinta. Shin in riƙa sayen ɗanye a kasuwa, ko ruwansa na kwalba da ake sayarwa a kantuna, ko kuwa ƙwayar bitamin C ta kemis ta fi? Daga wata uwa, Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsa: Hajiya, ki sayi ɗanye, amma kada ki ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. A giram 100 na lemun tsami akwai bitamin C kimanin miligiram 29, alhali babban mutum yana buƙatar miligiram 75 zuwa 90 a kowace rana, kuma ƙananan lemun da muke samu a kasuwanninmu sai an haɗa da yawa kafin su kai giram 100. Lemun zaƙi ya kusa ninka shi, gwaba kuwa ta ninka shi fiye da sau bakwai. Abin da ke ruɗin mutane shi ne tsamin, domin suna ɗauka cewa yawan tsami shi ne yawan amfani, alhali wani sinadari ne daban ke kawo tsamin. Ko sojojin ruwan Ingila sun taɓa yin wannan kuskure. A shekarar 1747 likitansu James Lind ya gwada magunguna iri-iri a kan ma'aikatan jirgi 12 masu fama da cutar da ke kumbura dasashi ta sa haƙora girgiɗi, sai biyun da aka ba lemun zaƙi da babban lemun tsami mai launin ɗorawa suka riga kowa samun sauƙi. Daga baya da aka koma ba su ruwan ƙaramin lemun tsami irin namu, kariyar ta ragu ƙwarai.

Game da mura, bitamin C ba ya hana ta kama mutum. Iyakar abin da aka gani shi ne yana ɗan rage kwanakinta ga wanda ya saba samunsa kullum. Ruwan ɗumi da zuma da ɗan lemun tsami yana sanyaya maƙogwaro, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da tari ya hana barci, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Inda lemun tsami ya fi biyan kuɗinsa, a ganina, shi ne a kan abinci. Wake da zogale da alayyahu da gero duk suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi, amma irin na tsirrai ne, wanda hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi, kuma bitamin C da aka ci tare da shi a zama ɗaya yana ƙara yawan abin da ke shiga jiki. Saboda haka ki matsa rabin lemu a kan kwaɗon zogale, ko shinkafa da wake, ko ɗanwake, ki kuma yi hakan bayan an sauke tukunya, tun da zafi yana lalata bitamin ɗin. Haka ma a kunun gyaɗa, ki bari ya ɗan huce. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tauye tsotsar ƙarfen, don haka ya fi kyau a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci. Mai juna biyu za ta amfana da wannan, amma ba zai maye mata gurbin maganin ƙarin jinin da ake ba ta a wurin awo ba.

Na kwalba an dafa shi domin ya daɗe, an zuba masa sinadarin hana lalacewa, wasu ma ruwan sukari ne kawai da ƙamshin lemu. In dole ta sa, ki duba lambar NAFDAC da jerin abin da aka haɗa. Ƙwayar kemis kuma ba ta zama wajibi ga yaran da ke samun 'ya'yan itace da ganye ba. Idan kin tsaya gaban mai kashi a babbar kasuwa, ki ɗauki lemun ki auna a tafin hannu: wanda ya yi nauyi, fatarsa siririya mai santsi, kuma ya ɗan lotsa in kin danna, shi ne mai ruwa. Kada ki guji wanda ya fara yin ɗorawa, domin nuna ya yi, kuma sau da yawa ya fi kore shar ruwa. Wanda za ki bari shi ne mai taurin fata da ya fara yin ƙasa-ƙasa. Iskar hunturu tana busar da shi cikin 'yan kwanaki, don haka ki ɗaure shi a leda ki sa a firji, ko ki rufe a kwano kusa da randa, sannan ki mulmula shi da tafin hannu a kan tire kafin ki yanka.

Tambaya: Wani mai talla ya sayar mini da haɗin lemun tsami da citta da tafarnuwa, ya ce in sha kullum da asuba kafin in ci komai, tumbina zai narke. Yanzu ƙwannafi ya dame ni. In sake sayen wata kwalbar? Daga wani ɗan kasuwa, Daura.

Amsa: Alhaji, ka riƙe kuɗinka. Babu wata hujja da ta nuna lemun tsami yana narkar da kitse, kuma ƙwannafin nan jikinka ne ke ba ka amsa. Tsami mai ƙarfi a cikin da babu komai yana tayar da ƙwannafi, yana kuma tsananta wa mai gyambon ciki. Sannan akwai haƙora: mutuwar da kake ji sun yi bayan ka sha tsami alama ce ta cewa rufinsu yana laushi, kuma abin da ya zaizaye daga gare shi ba ya dawowa. Duk mai shan ruwan lemun tsami ya sirka shi da ruwa mai yawa, ya kurkure baki, ya kuma dakata kamar rabin awa kafin ya sa asuwaki ko buroshi. Hanyar da lemun zai taimaka maka ita ce ya karɓi gurbin lemun kwalba da shayi mai cike da sukari da madara da ake sha a bakin shago, wato ragin sukarin ne ke aikin. Idan ƙwannafin bai lafa ba bayan ka daina, ka ga likita.

Tambaya: An taɓa cire mini tsakuwar ƙoda, kuma ina tsoron ta dawo. Lemun tsami zai taimaka? Daga wani dattijo, Rafin Daɗi, Katsina.

Amsa: Baba, a nan maganar tana da tushe. Sinadarin tsamin da ke cikinsa, idan ya fita ta fitsari, yana hana gishirin da ke haɗuwa ya zama tsakuwa dunƙulewa, shi ya sa likitoci kan ba da irinsa a matsayin magani. Amma babban makamin shi ne ruwa, musamman a bazarar Katsina da gumi ke kwashe ruwan jiki, fitsari ya yi kauri. A riƙa shan ruwa har fitsari ya yi fari-fari, a rage gishiri da dunƙulen miya, a matsa lemu ɗaya ko biyu a cikin ruwan yini ba tare da sukari ba. Tsakuwar da ta riga ta girma kuwa lemu ba ya narkar da ita, saboda haka in ciwon kwiɓi ya dawo ko aka ga jini a fitsari, a koma asibiti a yi hoto.

Tambaya: Ƙawata ta ce in shafa shi a fuska maimakon sayen man ƙuraje. Daga wata ɗaliba, Katsina.

Amsa: 'Yata, kada ki yi. Ruwan lemun tsami a kan fata, idan rana ta doke shi, yana iya ƙona wurin har ya yi bororo, ya bar baƙin tabo da kan ɗauki watanni bai goge ba, kuma tabon ya fi fitowa a fata irin tamu. Ko yanka shi kika yi a kicin, ki wanke hannu da sabulu kafin ki fita tsakar gida. Ƙurajen kuma ki nuna wa likitan fata, ya zaɓa miki man da ya dace da irinsu.