Amsar tambayar API da sabar kilawud (murya daga gurup, an mayar da ita rubutu)

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. A yi haƙuri da ƙarar injin niƙa, ina ƙauye ta wajen Taura, a bakin titi kaɗai sabis yake kamawa. Ƙanena da ya yi tambaya jiya, ka ce ogan ku ya hana buɗe saba (kwamfutar haya da ke aiki ta intanet) da hannu a shafin AWS, wato kilawud na Amazon, komai sai ta API, kai kuma kana ganin ɗora wa kai wahala ne tunda danne-dannen yana biyan buƙata. To saurara.

Shi wannan shafin da kake dannawa, API ɗin yake kira ta bayan fage. API tsari ne da manhaja ke yi wa manhaja magana: ka aika buƙata ta intanet da makullinka, a dawo maka da amsa. A 2006 da Amazon ta fito da S3 na ajiyar fayiloli da EC2 na hayar saba, ta API ake amfani da su, shafin dannawar daga baya ya zo. Ogan naku hanyar asali ya mayar da ku.

In kai kaɗai ne da saba ɗaya, danna abinka. Amma ku biyar ne a ofis. Wani ya buɗe ƙofa ta 22, wadda ake shiga saba daga nesa ta cikinta, ga duk duniya daren Juma'a don yana sauri, wani ya ƙara girman saba bai faɗa wa kowa ba. Bayan wata uku abu ya lalace, a yi ta kallon juna, kowa ya ce ba shi ba ne. In kuwa a rubuce yake cikin fayil, a ajiye a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayil, za a ga wanda ya canza, da ranar, da dalilin da ya bayar.

Hanyoyin suna da yawa. Akwai boto3 ga mai Python, kai ne za ka jera umarni ɗaya bayan ɗaya. Akwai Ansible, wanda Red Hat ta saya a 2015, ya fi ƙarfi wajen shirya cikin saba bayan an buɗe ta. Pulumi ma yana nan. Ni dai Terraform zan ce ka fara da shi, na kamfanin HashiCorp, ya fito a 2014. A nan ba ka cewa yi kaza sannan kaza. Kamar magini ne: ka ce masa ɗaki uku da zaure kake so, ya je ya duba filin, ya tarar biyu sun riga sun tashi, sai ya gina sauran kawai. Ka sake kiransa gobe da wannan maganar, zai ce ai an gama, ba zai ƙara maka ko bulo ɗaya ba. A 2023 sun canza lasisi, jama'a suka ɓalle suka kafa OpenTofu ƙarƙashin Linux Foundation, amma rubutun kusan ɗaya ne, kada wannan ya hana ka barci.

Yawwa, ga inda nake so ka buɗe kunne. Kafin Terraform ya taɓa komai, akwai umarnin plan. Zai jero maka abin da yake shirin yi: alamar tarawa abin da zai ƙirƙira, alamar ragi abin da zai rushe, a ƙasa ya ba ka jimilla. Mai hatsarin ita ce ragi da tarawa a haɗe, wato zai rushe ya sake ginawa. In ka ga wannan a gaban rumbun bayanai, cire hannunka daga kibod, domin sabon rumbun fanko zai zo. Yara da yawa plan ɗin suke wucewa kamar sharuɗɗan manhaja, su rubuta yes su tashi. Wallahi karanta wannan jerin ya fi iya rubuta fayil ɗin muhimmanci. Ko Amazon da kanta, a Fabrairun 2017 wani ma'aikacinta ya shigar da umarni da kuskure, sabobi fiye da waɗanda aka nufa suka sauka, S3 na yankin Virginia ya tsaya sa'o'i, shafuka barjat suka ɗauke.

Akwai kuma fayil ɗin state, inda Terraform yake rubuta abin da ya gina. Kalmomin sirri na iya zama a ciki a fili. Ba a tura shi gurup, ba a sa shi a Git, a ma'ajiya ɗaya ta ofis ake ajiye shi da kulle, don kada mutum biyu su taɓa a lokaci guda.

Mu da ke ƙauye ma abin ya fi yi mana rana. Shafin dannawa nauyi gare shi, yana cin data, sabis ya yi ƙasa ya tsaya yana juyi. Fayil kuwa rubutu ne zalla. Ka yi cajin laftof da sola, ka rubuta a ɗaki ba intanet, ka fito bakin titi ka tura GitHub, shafin da ake ajiye fayilolin Git, sai GitHub Actions ya gudanar da aikin a kan injinansu. Wannan ya fi ka yi apply, umarnin da ke yin ginin, daga laftof ɗinka sabis ya yanke a tsakiya, a bar ka da rabin gini.

Sai makulli. Kada ka kuskura ka rubuta shi cikin fayil ɗin da za ka ɗora a fili. Akwai manhajojin ɓarayi da ba su da aiki sai shara a GitHub, su tsinci makulli su buɗe manyan sabobi suna haƙar kirifto, bil kuma da dala zai zo maka. Ka ba kowane makulli izinin aikinsa kaɗai, ka saita ƙararrawar kasafi tun ranar farko, in ka gama gwaji ka yi destroy ya rushe abin da ka gina.

Ka fara da ƙaramar saba ɗaya. In ka yi plan, ɗauki hoton abin da ya nuna, ka rufe lambar asusun, ka turo nan mu duba tare kafin ka yi apply.