Amsa ga Hajiya: yadda za ku nuna aikinku na tamowa yana tasiri

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki cewa masu ba ƙungiyarku tallafi sun nemi hujjar cewa aikinku kan yara masu tamowa yana amfani, ku kuma abin da kuke da shi hotuna ne da lissafin katan-katan na Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗa na musamman da ake ba yara masu tamowa, da kuka raba. Na daɗe ina riƙe rajista a irin wannan aiki, ga abin da na sani.

Yawan katan shaida ce ta cewa kaya sun fita daga sito, iyakarta ke nan. Mun sha ganin uwa ta karɓi na mako guda ta raba wa 'ya'yanta duka, ko wani ɓangare ya ɓulla a kasuwa saboda babu hatsi a gida. Ban ga laifinta ba, yunwa ce. Amma lissafin katan ba zai taɓa nuna miki wannan ba. Awon yaron ne zai nuna.

Ku buɗe wa kowane yaro kati tun ranar da ya fara zuwa. A auna damtsensa da tef ɗin awon damtse mai launi uku (ja, ruwan ɗorawa da kore), a tsakiyar hannu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kada a matse, kada a sake. Ga yaro mai wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa, matsakaiciyar tamowa. A danna saman ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in gurbi ya zauna akwai kumburi. A rubuta nauyi. Duk zuwa a maimaita. Kuma ki riƙa sa mutum biyu su auna yaro ɗaya lokaci-lokaci, domin in awonsu ya yi nisa da juna, alƙalumanku duka abin zargi ne.

Daga katunan nan za ku fitar da abu uku da masu tallafi suka saba gani. Ƙa'idojin Sphere, da ƙungiyoyin agaji ke bi, sun ce cikin yaran da suka fita daga shirin, waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin ɗari, waɗanda suka rasu kada su kai kashi 10, waɗanda suka daina zuwa kada su kai kashi 15.

Na ukun nan shi na fi so ki sa wa ido, don nan ne ake yawan ɓoye gaskiya. Yaro ya daina zuwa, sai a ajiye katinsa gefe, rahoto ya fito fes. To ina yaron? A wurin da na yi aiki, da damina ta kankama sai layi ya ragu. Da masu sa kai suka bi gida-gida, sai ga dalilai: uwa tana gona, rafi ya cika ya raba su da asibiti, babu kuɗin babur, wani yaron kuma Allah Ya yi masa rasuwa ba wanda ya kawo labari. Da aka gyara rajista, adadin mutuwa ya ƙaru a takarda, amma bayanin ne ya sa aka matso da wurin rabo kusa da ƙauyukan ƙetaren rafi. Don Allah ku rubuta su yadda suke.

Ki kula da lokaci ma. Tamowa takan yi yawa kafin kaka, lokacin da rumbu ya ƙare, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi ƙamari. In kika kwatanta Agusta da Disamba za ki ga sauƙi, alhali girbi ne ya kawo shi. Ki kwatanta Agustan bana da na bara.

Batun kayan aiki ba shi da wuya. KoboToolbox, manhajar cike fom da tattara bayanai, tana da tsari na kyauta, tana aiki a wayar Android ko babu intanet, sai an samu sabis a tura. Amma ku fara da kati da biro har hannu ya faɗa. Hotunan yara kuwa, kada a ɗauka sai da yardar iyaye, kuma sunayensu su tsaya a rajista, lamba kawai za ta shiga rahoto.

In kin turo min fom ɗin da kuke amfani da shi yanzu, ba tare da sunaye ba, zan duba in nuna miki layukan da za a ƙara.