Waya na ta kawo tsohuwar lamba da kalmar kuskure

Malam, ka ce in za ka rubuta wa dillalinka na Babbar Kasuwar Maraɗi, sai waya ta kawo tsohuwar lambarsa da sunan da ka taɓa bugawa a karkace. Lafiyarta lau, abin da ka saba bugawa ta haddace.

In Gboard ne, wato allon rubutu na Google, danne kalmar in ta fito a saman allon, ka ja ta zuwa kwandon shara. Lambar kuwa, goge ta a Google Contacts, manhajar ajiye lambobi, ka leƙa SIM ma, don wataƙila sau biyu aka ajiye sunan.

Kada wani ya sa ka wanke wayar gaba ɗaya, hotunanka za su tafi a banza. In ta ƙi, kai wa mai gyara, amma kalmar sirri da hannunka za ka buga.