Amfanin adana bayanan mai ciwon suga da hawan jini

Malam, ka tambaya ko adana bayanan majinyata a kwamfuta na taimaka wa mai ciwon suga ko hawan jini. Ƙwarai kuwa. Irin waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi tsawon rai, don haka awo ɗaya ba ya wadatar da likita. Sai ya jera na watanni ya ga ko jinin yana yawan haura 140/90, ko gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan kusan wata 3, yana sauka. Abin da ya fi burge ni, tsarin yana fito da sunan wanda bai dawo asibiti ba, a neme shi tun kafin ƙoda ko ido su taɓu. Sai dai in an shigar da awo ba daidai ba, likita na iya canja magani bisa kuskure.