Ga ƙanenmu da ke Delft: zoekjaar tukuna, gida kuma yana nan

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka yi injiniyan gine-gine a ABU, yanzu kana gama mastas a Delft ta ƙasar Holan kan ginin bakin teku, Baba kuma yana cewa ka dawo tunda babu teku a Kano, me za ka yi da wannan karatun.

To ni dai shawarata ka tsaya ka yi aiki tukuna. Kana gamawa ka nemi takardar da suke kira zoekjaar a wajen IND, hukumar shige da fice ta Holan, shekara ɗaya ce ta neman aiki, kuma ana iya nemanta cikin shekara 3 da kammala karatu. Kafin ta ƙare ka samu kamfanin da IND ta amince ya ɗauki baƙi, su mayar da kai kennismigrant, wato baƙon ma'aikaci mai ƙwarewa, kar ka ɓata wata shida a ƙaramin kamfanin da ba ya cikin rajistar nan, a duba tun kafin intabiyu. Boskalis da Van Oord, manyan kamfanonin ginin bakin teku, duk a Holan suke, ga Rotterdam tashar jirgin ruwa mafi girma a Turai a kusa da kai. Mutanen nan tun kafin ambaliyar 1953 da ta ci sama da mutum 1,800 suke kokawa da teku, ina za ka koyi aikin da ya fi nan?

Kuma don Allah kar ka maƙale a ofis gaban kwamfuta, ka roƙa a tura ka sayit, wato wurin da ake ginin. Sai ka ga bangon da igiyar ruwa ke jiƙawa yana bushewa kullum, gishiri ya ratsa kankare ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki kamar an daddatsa da kurfi, a nan za ka gane dalilin da ake ƙara kaurin kankare a kan rodi.

Fasfo kuwa a yi hattara, Holan yawanci sai ka ajiye na Najeriya kafin su ba ka nasu, takardar zama ta dindindin ta ishe ka.

Baba kuma ba a yi masa musu ta waya. Ka je hutu, ka durƙusa ka nuna masa hoton tashar jirgin ruwa ta Lekki a Legas da aka buɗe a 2023, ka ce irin wannan kake koyo. Kana rubuta duk aikin da ka yi da sa hannun ogan ka, ranar rajistar COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, za su tambaya. Ka gaishe mana da Baba.