An ce ƙodata tana mara, ga tiyata a gabana

'Yar'uwa daga Daura, kin ce hoton ciki ya nuna ƙodarki ta hagu tana mara, ga kuma tiyatar cire ƙarin mahaifa na jiranki. Kwantar da hankalinki, haka aka halicce ki. Ƙodar ɗan tayi daga ƙugu take farawa, sai ta haura mazauninta tsakanin mako na 6 da na 9 da samun ciki. Taki ta tsaya ne a hanya. Da yawa ba sa sani har su tsufa.

Abin da ya fi damuna jijiyoyin jininta ne. Ƙodar da take mazauninta galibi jijiya ɗaya ke kai mata jini. Irin taki kuwa takan samu biyu ko uku, gajeru, wasu daga jijiyoyin da ke gangarawa ƙafa, dab da mahaifa. Kowace da yankin ƙodar da take ciyarwa, in aka ɗaure ta bisa kuskure, wannan yankin ya mutu. Ita kanta ƙodar ana iya ɗaukarta ƙari.

Don Allah ki damƙa wa likitan tiyatar takardar hoton hannu da hannu, ki tambaye shi batun hoton CT (hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla) na jijiyoyin jinin kafin ranar aiki. In ta kama, ki nemi a tura ki Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Allah ya ba ki lafiya.