Tambaya da Amsa: Na Canja Rauta, Ma'ajiyata Ta Ɓace

Tambaya: Malam, na sa sabuwar rauta (na'urar da ke raba intanet) a gida. Intanet na aiki lafiya lau, amma kwamfuta ta daina ganin akwatin ajiyar fayiloli na Synology. Ko ya lalace ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka, da wuya in ya lalace. Galibi adireshi ne, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan sadarwa, ya saɓa. A ce an kafe wa akwatin 192.168.1.50, sabuwar rautar kuwa tana raba 192.168.0.x, to ba za su ji juna ba.

Hanyar da na fi so: shiga shafin rautar, ɓangaren LAN (sadarwar cikin gida), ka mai da adireshinta 192.168.1.1, ka sa DHCP, wato rabon adireshi da rautar ke yi da kanta, ya fara daga 192.168.1.100 don kada wata waya ta ƙwace 192.168.1.50. Sake kunna ta, komai zai dawo yadda yake.

In rautar ba ta yarda ba, danna maɓallin RESET a bayan akwatin kamar daƙiƙa 4 har ya yi ƙara sau ɗaya, ka saki. Zai koma DHCP, fayiloli ba za su taɓu ba, sai dai ka sa sabuwar kalmar sirri. Kul ka sake dannawa nan take, wannan yana share manhajar akwatin. Nemo sabon adireshin da manhajar Synology Assistant a kwamfuta, ka keɓe masa shi a rautar ta lambar MAC (lambar shaidar akwatin a kan sadarwa), sannan ka sake haɗa ma'ajiyar akwatin a Windows.